Yadda Ake Ziyartar Filin Duwatsun Aman Wuta na Khaibar da Kogon Ummu Jirsan

Duk mutumin Maraɗi da ya taɓa shiga Madina ta mota ya ga baƙaƙen duwatsun nan da suke shimfiɗe dama da hagu iyakar ganin ido, kamar an tattaro kashin maƙera na duniya an juye a wuri guda. Larabawa suna kiran irin wannan fili harra, kuma asalinsa dutse ne da ya narke a can cikin ƙasa, ya ɓullo da zafin da ya haura digiri 1,000, ya malala kamar kunu, sannan ya sandare a inda ya tsaya. Yawancin alhazanmu kallo ɗaya suke yi masa su kau da kai, ni ma haka na yi a zuwana na fari. Daga baya, da aikin rakiyar masu Umara ya sa nake komawa kusan kowace shekara, na shiga Harrar Khaibar da ke arewa da Madina sau da dama, na sauka kogon Ummu Jirsan da ƙafata, na kuma raka tsofaffi da matasa, maza da mata. Tambayoyin da ake tare ni da su a majalisa bayan kowace dawowa su ne suka sa na zauna na rubuta wannan bayani.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko, shi ne mu mutanen yashi ne. Ƙafarmu da takalminmu da direbobinmu duk a jigawa suka yi wayo, kuma wanda ya jure ranar watan Afrilu a Maraɗi yakan ɗauka babu dajin da zai gagare shi. Yashi gajiyar da mutum kawai yake yi, amma baƙin dutse yanka yake yi, yana yanka fata, yana yanka takalmi, yana yanka taya, kuma ba ya riƙe sawun da za ka bi ka koma inda ka fito.

Kayan da za ka tanada

Takalmi ne kan gaba. A nemi sau-ciki mai kaurin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, a haɗa shi da safa mai kauri. A shigata ta farko da fade na je, irin na fata mai kyau da na saya a babbar kasuwa, ban yi tafiyar rabin awa ba dutse ya tsinke maɗaurin na dama, ya tsaga mini babban yatsa, sai da abokin tafiyata ya kwance rawaninsa ya naɗe mini ƙafar muka lallaba zuwa mota. Wanda bai samu takalmin masu hawan dutse ba, na ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki yana wadatarwa, kuma ana samunsa wajen masu gwanjo da araha. Kada dai a saye shi a daren tafiya. A fara sa shi a gida mako biyu kafin tashi domin ya saba da ƙafa, in ba haka ba bororo zai tsayar da mutum tun bai ga bakin kogo ba.

Na biyu fitila, kuma ƙa'idar masu shiga kogo ita ce kowane mutum ya riƙe haske uku nasa na kansa: fitilar goshi wadda take barin hannuwa biyu su yi aiki, da tocila mai ƙarfi, da wata ƙarama a aljihu, tare da sababbin batura. Hasken wayar hannu ba ya cikin lissafi, domin cajin waya na kiran taimako ne. Idan fitilar goshi ba ta samu ba, sai a ɗaure tocila a jikin hular kwano da robar tiyub, a gwada girgiza kai a ga ba ta faɗuwa. Hular kwanon ita ma dole ce. Ta ma'aikatan gini ta fi sauƙi a kai, amma ta ƴan kabu-kabu tana yi idan ita ce a hannu.

Tufafi kuwa, babbar riga da jallabiya a bar su a masauki. A sa wando mai kauri da riga mai dogon hannu, da safar hannu ta fata saboda dafa dutse, a kuma ɗauki rigar sanyi. Iyayenmu mata su sa wando mai kauri daga ciki, su zaɓi hijabin da ba ya jan ƙasa, domin na ga yadda bakin abaya yake maƙalewa a dutse ya kayar da mace.

Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da jarka mai lita 20 da za a bari a mota saboda alwala da larura. Guzuri a saye shi a Madina: dabino, burodi, gyaɗa, da ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwa. Abinci mai yaji da gishiri da yawa ƙishirwa yake jawowa, a ajiye shi sai an dawo. Sauran ƙananan kaya su ne bandeji da filasta da maganin wanke ciwo, da matsefata domin cire ɓarɓashin dutse daga fata, da takunkumin rufe hanci, da sanda mai ƙwari, da usur, da batirin ajiya na cajin waya, da darduma mai kauri, da leda ta kwashe shara.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci da gyara takardu tun daga gida

Lokacin wannan ziyara daga watan Nuwamba ne zuwa Maris, wato ya yi daidai da hunturunmu. A tsakiyar shekara zafin Madina yakan kai digiri 45, baƙin dutse kuma yana shan rana ya riƙe ta, har ya zama ba ya dafuwa da tafin hannu. Saboda haka wanda yake da niyyar haɗa Umara da wannan ziyara ya tsara tafiyarsa cikin watannin sanyi, ya kuma ware mata yini guda cikakke a cikin kwanakin Madina, ba ranar sauka ba, ba kuma ranar da za a wuce Makka ba.

Ko ta Yamai za ka tashi, bayan tafiyar kusan kilomita 660 a kar, ko ta Kano, ka zauna da kamfanin da ya shirya maka tafiya ka tambaye shi irin bizar da ke cikin fasfonka. Bizar aikin Hajji ta taƙaita ne ga Makka da Madina da Jidda, don haka alhaji a lokacin Hajji kada ya kuskura ya kama hanyar Khaibar. Bizar Umara kuwa, a tsarin da aka shigo da shi a ƴan shekarun nan, tana ba da damar zagaya sauran garuruwan ƙasar, amma a tabbatar da hakan kafin tashi, domin dokoki suna sauyawa. Fasfo da katin rigakafi su kasance a jikinka ranar fita, a cikin leda.

Mataki na 2: Neman izini da ɗan jagora

Yankin Khaibar yana ƙarƙashin hukumar masarautar Saudiyya mai kula da tsohon garin AlUla, ita ce take buɗe wuraren ziyara ta kuma rufe su gwargwadon lokaci. Da ka sauka Madina, ka bincika ta shafinta na intanet ko ta wurin masu shirya yawon buɗe ido masu lasisi, ka ji ko kogon a buɗe yake, ka yi rajista. Idan aka ce an rufe, to an rufe, kada wani direba ya ce maka ya san ɓarauniyar hanya. Ƙasar nan ba matacciya ba ce: a shekarar 2009 girgizar ƙasa ta yi ta aukuwa a yankin Al-Is, arewa maso yamma da Madina, saboda narkakken dutse da ya yunƙuro kusa da doron ƙasa, har aka kwashe mutane kimanin 40,000 daga gidajensu.

Ɗan jagora ba ado ba ne. Harrar Khaibar ta haura murabba'in kilomita 14,000, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Kafin ku daidaita, ka tambaye shi sau nawa ya shiga kogon, da wace hanya zai bi, da abin da zai yi idan mota ta lalace a inda babu rezo, wato inda waya ba ta kamawa. Wanda ya amsa da "Allah zai kiyaye" kaɗai, ba tare da ya nuna maka abin da ya tanada ba, ka nemi wani. Ku kasance aƙalla mutum huɗu, domin idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Sannan ka bar wa wani amintacce a masauki sunan wurin da lambar mota da lokacin da ya kamata ku dawo, ka ce masa idan awa biyu ta wuce bai ji ku ba ya sanar da hukuma. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce, ta jami'an ceto 998.

Mataki na 3: Mota da hanya

Ummu Jirsan yana kimanin kilomita 125 arewa da Madina. Ana bin babbar hanyar da ta nufi Khaibar da Tabuka, sannan a ratse cikin harra. A tashi da zarar an sallame sallar asuba, a cika tanki tun a kwalta, a kuma sauke taswirar yankin cikin waya tun a masauki yadda za ta yi aiki ko babu intanet.

Motar ta kasance kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, mai tudu, da tayar safaya guda biyu, da jak da famfon iska. Na taɓa shafe rabin yini a rana saboda direban da muka ɗauka ya zo da safaya ɗaya, dutse kuwa ya fasa mana biyu a tsakanin tafiyar da ba ta kai ta Maraɗi zuwa Tibiri ba. Tun daga ranar ba na shiga mota sai na ƙirga tayoyin da idona. In da hali a tafi da mota biyu. Kuskuren da direban da ya saba da yashi yake yi shi ne sace iskar taya sosai, kamar yadda ake yi a arewacin Dakoro. A nan hakan yana baje gefen taya ne ga kaifin dutse, gefen kuwa shi ne wuri mafi rauni. A bi sawun motocin da suka gabata, a tafi a hankali, kada a yanke sabuwar hanya ko da ta yi kama da ta fi kusa.

Wanda bai samu kat-kat ba kada ya jarraba da ƙaramar mota. Ya shiga cikin ayarin da masu lasisi suke shiryawa, ko ya koma ga abin da na ambata a ƙarshen wannan bayani.

Mataki na 4: Tafiya a kan baƙin dutse

Kafin ka yi taku ɗaya daga mota, ka sa alamar wurinta a taswirar waya, ka kuma ɗaga kai ka zaɓi wani tsauni da za ka riƙa auna kanka da shi. A harra ko'ina kama yake da ko'ina, kuma mota takan ɓace wa ido bayan tudu biyu. Ka riƙa waiwaye duk bayan ƴan mintuna domin ka ga yadda hanyar take ta fuskar dawowa, saboda dutsen da ka wuce ta gabansa wata siffa yake nunawa ta bayansa.

Daskararren dutsen iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai mai sulɓi, wanda samansa ya yi ninki-ninki kamar igiyar rijiya da aka naɗe aka ajiye. Akwai kuma mai ƙaiƙayi, tarin gutsattsari masu kaifi da ramuka kamar cikin masa, waɗanda iskar da ta kumbura cikin dutsen tun yana narke ta bari. Masana sun ari sunayen biyun daga harshen mutanen tsibirin Hawai, kuma na biyun a'a suke ce masa, sunan da ba zai yi wa Bahaushe wuyar riƙewa ba, tunda amsar da ta dace da shi ke nan idan aka ce ka hau. Gutsattsarinsa ba a manne suke ba, suna mirginawa ƙarƙashin ƙafa, kuma faɗuwa a kansu ko sau ɗaya tana iya kai mutum ga ɗinki. Idan babu makawa sai an ratsa shi, a sa safar hannu, a taƙaita taku, a gwada kowane dutse da sanda kafin a ɗora masa nauyi, a kuma bar tazara tsakanin mutum da mutum.

Mai sulɓin ma yana da nasa makirci. A wasu wurare ɓawo ne siriri a kan rami, domin na cikinsa ya tsiyaye tun yana ruwa. Ka riƙa ƙwanƙwasa gabanka da sanda. Idan ka ji amo irin na ƙwarya a kife, ka kewaye. Kada a hau kan kumburin da ya tsage a tsakiya domin ɗaukar hoto, kada kuma a yi tafiya ido na kan waya. Mai son kallo ko hoto ya tsaya cik tukuna.

Ruwa da lokaci a raba su uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Da zarar kashin farko ya ƙare a juya, ko da abin da aka nufa yana gaban ido. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba a ji ƙishirwa ba, domin iskar wurin busasshiya ce, gumi yana bushewa mutum bai san ya yi ba. Ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu alamu ne na a nemi inuwa a sha ruwan gishiri da sukari.

Za ka ci karo da jerin duwatsu da aka tsara da hannu, wasu dogaye kamar shinge, wasu kewayayyu. Tarkunan farauta ne da kaburbura na mutanen da suka zauna a nan shekaru dubbai da suka wuce. Don haka al'adarmu ta tara duwatsu domin alamar hanya a bar ta a gida. Kada a ɗaga dutse daga inda yake, kada kuma a hau kan waɗannan gine-gine. Daga nesa, in sararin sama ya washe, ana hango tsaunukan da suka yi aman: Jabal Ƙidr baƙi ƙirin, da Jabal Abyad da Jabal Baida farare kamar an zuba musu kanwa, saboda irin dutsensu daban ne. Jabal Abyad ya kai mita 2,093, babu dutsen aman wuta da ya fi shi tsawo a Saudiyya. Shawarata ita ce kada a haɗa su da kogon a yini guda, tafiyarsu daban ce.

Mataki na 5: Salla a fili

A bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, shi ya sa na sha ganin ɗan'uwa ya shimfiɗa darduma ya fuskanci mafitar rana. A Madina da Khaibar alƙibla kudu take. Kamfas kuma, na hannu ko na waya, yakan ruɗe a kan harra saboda ƙarfen da ke cikin dutsen, don haka kada a ajiye shi a ƙasa a karanta, a ɗaga shi a tsaye, a gwada a wuri biyu ko uku. Hanya mafi sauƙi a lokacin azahar ita ce inuwa: a wannan yanki, idan rana ta take tsaka, inuwar mutum arewa take nunawa, sai ka sa ta a bayanka. Nisan tafiyar ya kai na ƙasaru, kuma taimama a kan dutse ta inganta a mazhabarmu ta Malikiyya idan ruwan da ya rage na sha ne. A nemi dutse mai sulɓi ko filin tsakuwa a shimfiɗa darduma mai kauri saboda goshi da gwiwa.

Mataki na 6: A bakin kogo

Wanda ya hau Kogon Hira ko na Sauru kada ya zo da wannan hoton a ransa, domin waɗancan ƴan wurare ne ƙanana a tsakanin duwatsu. Ummu Jirsan hanya ce a ƙarƙashin ƙasa. Ka dubi kunu mai zafi a kwano, yadda samansa yake yin fata alhali cikinsa ruwa ne. Haka kogin narkakken dutse yake yi: samansa ya sandare ya zama rufi, cikinsa ya ci gaba da gudu kamar ruwa a bututu, da aman ya tsaya sai na cikin ya tsiyaye ya bar dogon rami. An auna tsawon wannan kogo mita 1,481, tsayin rufinsa mita 8 zuwa 12, faɗinsa a wani wuri har mita 45.

Ƙofofinsa wurare ne da rufin ya rufta, kuma wannan kaɗai ya isa gargaɗi: kada a ajiye mota kusa da baki, kada a tsaya a gefen ramin ana leƙe. A tsaya a duba abu uku kafin sauka. Na farko sama. Idan akwai hadari, ko da a nesa ne, a fasa, domin mun san yadda gulbi yake kawo ruwa Maraɗi alhali ruwan a wajen Jibiya aka yi shi, kuma ruwa gangare yake nema. Na biyu ƙasa. A duba sabon sawu ko sabon kashin dabba, a yi magana da ƙarfi, a dakata, domin abin da ke ciki ya samu hanyar kaucewa. Na uku kaya. Kowa ya kunna fitilunsa uku a gaban jagora, a ɗaure hular kwano, a ƙirga mutane da babbar murya. Duwatsun bakin kogo, inda inuwa ta haɗu da ɗumi, nan ne mazaunin kububuwa da kunama, saboda haka kada hannu ya shiga inda ido bai riga shi ba.

Mataki na 7: A cikin kogo

A sauka ɗaya bayan ɗaya, na sama ya jira sai na ƙasa ya kauce daga saitin dutsen da zai iya gangarowa. Da an isa ƙasa a zauna minti goma a inda haske yake ƙarewa, ido ya saba da duhu, jiki ya huce, a sa rigar sanyi da takunkumi. Jagora a gaba, wani mai ƙarfi da natsuwa a baya, tsofaffi da mata a tsakiya, kuma babu mai wuce jagora ko ya ratse shi kaɗai, ko da biyan buƙata ne.

Ƙasan kogon ƙura ce mai laushi da ta daɗe tana taruwa, gauraye da kashin jemage da na sauran dabbobi, kuma shaƙarta tana iya jawo ciwon huhu. A ɗaga ƙafa a ajiye, kada a ja ta. Kada a zauna ko a kwanta a lungun da dabbobi suke kwana saboda kaska. Masu yasar rijiya a garinmu sun san akwai iskar da take kwanciya a wuri mai zurfi ta kashe fitila ta kashe mutum. Idan wani ya ji numfashinsa yana sama-sama ko kansa yana sarawa ba dalili, a fita gaba ɗaya, ba a tsaya gardama ba. Ba a hura wuta, ba a shan taba, ba a haska jemagu da tocila.

Ka haska bango ka ga layukan da suka miƙe a jikinsa kamar alamar da ruwa yake bari a gaɓar tafkin Madarunfa bayan ya janye. Matakan da narkakken dutsen ya kai ne yana raguwa. A can ciki kuma akwai tarin ƙasusuwa masu yawan gaske, na raƙuma da jakuna da awaki da wasunsu. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa sayaki, wato kura mai zane, ita ce ta yi ta jawo su ciki tsawon shekaru kimanin 7,000, wani binciken na 2024 kuma ya nuna makiyaya sun riƙa fakewa a kogon da dabbobinsu tun wancan zamani. Duk ƙashin da aka ɗaga daga wurinsa an ɓata wa masu bincike shaida. A nan ina roƙon ƴan'uwana da babbar murya: wannan kogo ba wurin ibada ba ne, ƙurarsa da dutsensa ba abin tabarruki ba ne, kuma bangonsa ba allon rubuta suna da sunan gari ba ne. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga fenti a jikin dutsen da ya shekara dubbai da tsabtarsa.

Idan an kai tsakiya, inda babu ɗigon hasken waje, ina sa jama'a su tsaya wuri guda, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, a kashe fitilu minti ɗaya. Wata shekara muna tare da wani dattijo daga unguwar Bagalam, na ce masa, "Baba, in ka yarda za mu kashe haske kaɗan." Ya ce, "Bismilla, ɗana." Duhun da ya rufe mu ko tafin hannu a kan hanci ba a gani, ba a jin komai sai numfashi. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana hailala, da muka kunna kuwa hawaye ne a gemunsa. Kada a yi wannan sai kowa ya yarda, kuma ƙafa ba ta motsawa har haske ya dawo.

Idan fitilar mutum ta farko ta mutu ya koma ta biyu, tafiyar shiga ta ƙare, a juya. Wanda ya rabu da jama'a ya zauna inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake.

Mataki na 8: Fitowa da komawa

A fito ta ƙofar da aka shiga, sai fa idan jagora ya riga ya tsara wata. A ƙirga mutane a ƙasa, a sake ƙirgawa a sama. Hawan fita shi ne inda aka fi jin ciwo, saboda gajiya da ɗokin ganin rana, don haka a ba ido lokaci ya saba da haske. A kakkaɓe tufafi a waje, a duba jiki ko kaska ta kama, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, a kwashe shara duka har da ƙwallon dabino. Lissafin lokaci ya kasance mota ta hau kwalta tun la'asar da sauranta, domin tuƙi cikin harra da dare ganganci ne, kuma raƙuma suna ratsa babbar hanya. Da rezo ya dawo a kira wanda aka bar wa saƙo. Wanda zazzaɓi ko tari ya kama shi cikin makonnin da suka biyo baya ya gaya wa likita cewa ya shiga kogo.

Idan Khaibar ba ta samu ba

Mai rauni, ko wanda kwanakinsa suka ƙure, ba sai ya yi nisa ba, domin Madina kanta tsakanin harra biyu take, ta gabas da ta yamma, abin da ya sa aka haƙa ramin Handaƙ ta arewa inda gari yake a buɗe. A kudu maso gabashin birnin kuma akwai dutsen da ya malalo a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, lokacin da ƙasa ta tsage a Harrar Rahat bayan kwanaki ana girgiza. Aman ya ɗauki kimanin kwana 52, narkakken dutse ya yi tafiyar kusan kilomita 23, ya tsaya saura ƴan kilomitoci ya shiga gari, kuma malaman wancan zamani sun danganta shi da hadisin wutar da za ta fito a ƙasar Hijaz har ta haskaka wuyan raƙuma a Busra. Ƙaramar mota tana kai mutum kusa da gefensa a kan kwalta, ya sauka da takalminsa mai kauri ya taɓa dutsen da hannunsa, ya dawo kafin azahar.

Wanda yake ɓangaren Makka yana iya nufar ramin Wahba, kimanin kilomita 250 daga Ɗa'ifa, mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin mita 250, farin gishiri shimfiɗe a gindinsa. Kallo daga sama ya wadatar, kada a gangara.

A nan kusa da gida ma akwai inda za a fara koyon taka irin wannan dutse, ko da yake babu kogo mai girman Ummu Jirsan. A Najeriya akwai tsaunukan Biu da tafkin Tila wanda yake cikin bakin tsohon dutsen aman wuta, da na Kerang a jihar Filato. A ƙasarmu kuma akwai filin Todra a kudancin tsaunukan Ayar, cikin jihar Agadas. Kayan da na lissafa da ƙa'idar raba ruwa uku duk suna aiki a can, sai dai ba a kama hanyar Ayar sai an nemi izinin hukumomin Agadas, an ji halin tsaro na wannan makon, an kuma samu jagora ɗan yankin.